Yadda Ofis Zai Shirya wa Ranar da Aka Katse Layin Waya

A watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu bayanai. An ce mako biyu, amma Gusau ba ta samu layi ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe fiye da haka. Duk sakatariya ko asibitin da aikinsa ya dogara da intanet ya kamata ya yi shiri tun layi na nan.

Ku fara da gane wace irin rufewa ce. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, shafi ɗaya aka toshe, shi ya sa masu VPN, wato manhajar da ke kewaye irin wannan toshewa, suka ci gaba da shiga. Idan turaku aka kashe, VPN ba ta da abin hawa. Babu kira, babu saƙon tes, babu lambobin banki na USSD, na'urar POS ma ta zama kwalliyar tebur.

Inda aka fi shan wuya shi ne lambar sirri ta shiga asusu. Yawancin ma'aikata ta tes ake turo musu ita, don haka ko an samu intanet ta wata hanya, imel ɗin ofis ba zai buɗu ba. Ku mayar da asusun kan manhaja irin Google Authenticator, wadda ke fitar da sabuwar lambar sirri mai lambobi shida duk daƙiƙa 30 ba tare da layi ba. Sharaɗinta ɗaya ne: agogon wayar ya zama daidai. In ya kauce da minti biyu ko uku, lambar ba za ta karɓu ba. Sannan ku buga lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa, a kulle su a durowar shugaban sashe. Kowace sau ɗaya take aiki.

Jerin albashi, rajistar marasa lafiya da wasiƙun aiki, a kwafe su a faifan ajiya biyu duk Juma'a, a sa musu mabuɗin sirri, ɗaya ya kwana a wani gini dabam. Lambobin wayar ma'aikata a rubuta su a littafi.

Akwai haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba. Da layi ya ɗauke, kowa zai koma yawo da filas daga kwamfuta zuwa kwamfuta, alhali manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta ta daina sabuntawa. Ku ware kwamfuta ɗaya tak da za a riƙa duba kowane filas a kanta kafin ya shiga wata.

Wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya kuwa, kada ofis ya kunna ta lokacin aikin soja sai da sanin jami'an tsaro a rubuce.

Ranar da layi ya dawo, a fara sabunta Windows da manhajar tsaro kafin kowa ya buɗe imel. A irin wannan rana 'yan damfara ke turo saƙon “an rufe asusunka, aiko da BVN”. Idan kuma kun gano an saci bayanan jama'a, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ku awa 72 ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.