Yadda na gyara makro ɗin Excel da ya daina aiki

Kwana uku ina fama, da na danna maɓallin makro, wato ɗan kod ɗin da ke yi min aiki da kansa a Excel, sai ya watso min "Can't find project or library", abin haushi ma wai a kan umarnin Date da Left na cikin kod ɗin yake tsayawa, waɗanda ba su da laifin komai. Na sake rubuta kod ɗin har sau biyu a banza. Ashe ni na jawo wa kaina, na saka sabon Office ban cire na 2013 ba, su biyun suna ta rigima a kwamfuta ɗaya.

Na danna Alt da F11 don buɗe wurin rubuta kod, na shiga Tools, sai References, wato jerin abubuwan da kod ɗin ya dogara da su, can na hango layi ɗaya da MISSING a gabansa, na Outlook ne 16.0, tsohon Office ɗin kuma 15.0 ya sani. Na cire alamar da ke kan layin, makron ya ɗan motsa, amma maɓallan fom ɗin suka ƙi. Sai na rufe Excel gaba ɗaya, na rubuta %temp% a akwatin Run na Windows na goge fayilolin .exd na wucin gadi, kar ka ji tsoro da kansu suke dawowa. Daga nan na cire tsohon Office, na yi wa sabon Online Repair, na kashe kwamfutar na kunna. Yanzu dai lafiya lau yake tafiya.