Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar insulin da ciwon sukari nau'i na biyu

Abu biyu ne ke riƙe da sukarin jini: yawan insulin, wato sinadarin da ke sauko da sukari, da ƙwayoyin beta na fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi) ke fitarwa, da kuma yadda tsoka da hanta da kitse ke jin maganar insulin ɗin. Yawancin kurakurai daga kallon ɗaya a manta da ɗaya suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne ɗora laifin duka a kan jikin da ya daina jin insulin. Akwai masu ƙiba da yawa da jikinsu ya yi kunnen ƙashi, amma sukarinsu lafiya lau, domin fankiriyas ɗinsu na cike giɓin. Lissafin kamar sikeli ne: idan jin insulin ya ragu da rabi, sai an ninka abin da ake fitarwa kafin sukari ya tsaya inda yake. Ciwo na bayyana ne lokacin da ƙwayoyin beta suka kasa wannan ninkawa. Shi ya sa mutum biyu masu nauyi ɗaya, wani ya kamu wani bai kamu ba, kuma gado na da hannu sosai a nan.

Daga nan wani kuskuren ke fitowa. A auna insulin a ga yana cikin iyaka, ko ma ya haura, sai a ce fankiriyas garau take. Ba a karanta insulin shi kaɗai, sai an ɗora shi kusa da sukarin da aka auna a jini guda. Insulin mai matsakaicin yawa a jikin da sukarinsa ya kai 180 mg/dL kafin karin kumallo alamar gazawa ce, don lafiyayyar fankiriyas da ta fitar da fiye da haka nesa ba kusa ba. Ga wanda ke yin allurar insulin kuwa, gwajin C-peptide, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin, shi ne ke nuna abin da jikinsa ke yi da kansa, tunda babu shi a cikin allurar.

Sai dogaro da gwajin safe kawai. Lafiyayyun ƙwayoyin beta na sakin insulin kashi biyu: na farko cikin gaggawa, a mintuna goman farko, sannan na biyu a hankali. Na farkon ne ke fara lalacewa, don haka sukarin bayan cin abinci kan tashi tun na safe bai wuce 100 ba. Mafita ita ce a sha giram 75 na gulukos a auna bayan awa biyu. Daga 140 zuwa 199 gargaɗi ne, 200 zuwa sama ciwo ne. A gwajin safe iyakar ciwo 126 ce, a HbA1c kuma, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku, kashi 6.5 cikin ɗari, sai dai wannan na ƙarshe kan yaudari mai ƙarancin jini ko sikila. A duba ƙeya da hammata ma: fatar da ta yi duhu da kauri kamar karan-miski, wadda sabulu ba ya fitarwa, ba dauɗa ba ce, sau da yawa alamar insulin ne ya yi yawa a jini.

Jinkiri kuma yana da tsada. Binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna cewa a lokacin da ake gano ciwon, kusan rabin aikin ƙwayoyin beta ya riga ya tafi. Sukarin da ya daɗe a sama shi kansa yana ƙara kassara su, ya kuma ƙara wa jiki taurin kunne. Idan an sauko da shi da wuri, wani ɓangare na aikin kan dawo. A binciken rigakafin da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2002, an sa wa masu haɗarin kamuwa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa ta ragu da kashi 58. Maganin metformin ya rage ta da kashi 31.

Magani ma ba duka aiki ɗaya suke yi ba. Metformin hanta yake hanawa zuba sukari fiye da kima. Glibenclamide da 'yan uwansa matsa wa ƙwayoyin beta suke yi su saki insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka wanda ya sha ya tsallake cin abinci, sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70, da gumi da karkarwa. Idan kuma bayan shekaru ƙwayoyin sha sun daina riƙe sukari, galibi ba maganin ne ya lalace ba, fankiriyas ce ta ƙara rauni, kuma a nan ne likita zai kawo maganar allura.