Darasi na 9: Maganganun da Ake Auna Darajar Abu da Su

Idan aka nuna wa mutum aiki ko kaya aka ce yaya ya gani, ba kullum yake amsawa da "yana da kyau" ko "ba shi da kyau" ba. Sau da yawa sai ya ɗauko adon magana ya yanke hukunci da shi. Abin lura shi ne, kowace irin wannan magana da abin da take aunawa. Wata tana duba ribar wahala, wata tana raba kyan ido da inganci, wata kuwa tambayarta ita ce: an gama ko da saura? Wanda bai san wannan ba, yana iya yin suka alhali yabo ya yi niyya.

Mu fara da "kwalliya ta biya kuɗin sabulu". Mai kwalliya sai ya kashe kuɗi ya sayi sabulu ya wanke jiki da tufafi. In ya fito aka yaba, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Don haka ana faɗin wannan magana ne idan abubuwa biyu sun haɗu: an kashe wani abu (kuɗi, lokaci ko ƙarfi), kuma sakamako ya fito an gan shi. Misali, mace ta yi wata shida tana koyon karatu, yau ga ta tana karanta saƙon waya da kanta. Nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma wanda aka yi wa kyautar riga ba zai faɗi haka ba, domin bai kashe komai ba. Haka kuma ba a faɗinta ana tsakiyar aiki. Korewarta ita ce "kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba". A kula, "ta" ɗin nan na kwalliya ne, ba ya komawa "ya" ko da aikin namiji ake magana.

"Ya ci sunansa" kuwa yana sauyawa da abin da ake yabo: makulli ya ci sunansa, wuƙa ta ci sunanta, magina sun ci sunansu. Ma'anarsa abin ya yi aikin da aka san shi da shi. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne "son kowa, ƙin wanda ya rasa", wato babu mai kushe shi sai wanda bai samu ba.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne "kyan ɗan maciji". Suna jin kalmar "kyau" sai su ɗauka yabo ne. Gargaɗi ne. Ɗan maciji yana sheƙi, ga zane a jikinsa, amma ba a wasa da shi. Ana faɗinsa ga abin da ya burge ido alhali akwai cuta a cikinsa, kamar takardar bashi mai sauƙin sa hannu da wuyar biya. In abin ba shi da illa, rashin ƙarko ne kawai aibinsa, "araha ba ta ado" ce ta dace. In kuma an rufe ɓarna ne da gyaran sama-sama, misali aka shafe bangon da ya tsage da fenti, sai a ce an yi "kitso da kwarkwata".

Tsakanin yabo da suka akwai "ba yabo ba fallasa": an karɓa, amma ba a burge ba. Ƙasa da ita kaɗan akwai "da babu gara ba daɗi". Wannan ta biyun ba a faɗa wa wanda ya yi maka alheri a gaban idonsa, raini ne.

Sai "da sauran rina a kaba". Rina ƙwaro ce mai harbi, kaba kuwa ganyen goriba ne da ake saƙa da shi. Muddin rina na ciki, mai yanka bai tsira ba. Maganar ba ta ce aikin banza ne ba, cewa take yi matsala ba ta ƙare ba tukuna.

Aikin aji: malami ya karanta waɗannan sau biyu, kowane ɗalibi ya rubuta maganar da ta dace da kowanne, sannan ya faɗi dalilinsa da baki.

1. An gyara rufin ɗaki, amma kusurwa ɗaya tana yoyo.
2. Takalmi mai rahusa ya yage bayan mako ɗaya.
3. Ɗalibi ya ci 50 cikin 100 a jarrabawa.

Daga nan kowa ya ƙirƙiro jimla ɗaya tasa da "ta ci sunanta".