Babi na Bakwai: Zaman Tarwaɗa da Danginta a Tankin Gilashi

Darasi na 1: Kifin da ke son taro

Tarwaɗa da ƙurungu da minjirya dangi ɗaya ne, ana gane su da gashin baki, amma halinsu ya bambanta ƙwarai. A cikin wannan dangi akwai wani ƙaramin kifi da masu sayarwa ke kira koridoras, wanda asalinsa daga kogunan Kudancin Amurka ne, kuma yawancinsa ba ya wuce tsawon santimita 7. A kogi cikin garke yake yawo, shi ya sa idan aka ajiye shi shi kaɗai sai ya riƙa ɓuya, ya rage cin abinci. Ku sayi guda 6 ko fiye, dukkansu iri ɗaya, ku shimfiɗa musu yashi mai laushi a ƙasan tankin, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki.

Darasi na 2: Ku dubi baki kafin ku biya kuɗi

Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka ku karanta a hankali, wanda bai gane ba ya sake karantawa, babu abin kunya a ciki. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani kifi, to abincinsa ne. Kafin ku saya, ku tambayi mai sayarwa: "Idan ya girma, ina zai kai?" Bayan haka ku dubi faɗin bakinsa, ku kwatanta da jikin kifi mafi ƙanƙanta da ke tankinku.

Girman gobe ake tambaya, domin ɗan tarwaɗa da kuka gani kamar yatsa zai iya kai kilo 1 cikin watanni kaɗan idan yana samun abinci, kuma babbar tarwaɗa takan kai tsawon mita 1. Da dare take farauta, lokacin da kuke barci, har ƙananan 'yan'uwanta ba ta bari. Ku maimaita da bakinku: a tambayi girma, a dubi baki, sannan a biya. Ku rubuta wannan jimla a littafinku sau 3. Madalla, haka ake so.

Duk da wannan bayani, sai ka ga ɗalibi ya zo yana cewa kifayensa sun ɓace ba tare da dalili ba. Ba su ɓace ba, cinye su aka yi, kuma laifin wanda ya ƙi yin tambaya ne. Sakaci ne mutum ya ɗauki kifi don ya ga kyansa, ya jefa shi cikin ƙananan halittun da ke hannunsa amana. A tambayi girma, a dubi baki.

Darasi na 3: Ƙurungu

Ƙurungu, wanda ake samu a kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, yana son maɓuya da rana. Kowane ɗaya a ba shi tasa maɓuyar, ko da guntun bututun roba ne ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka wanke, in ba haka ba za su yi ta faɗa. Yana da ƙayoyi masu maƙalewa a raga, don haka a ɗebe shi da kofin roba.

Darasi na 4: Minjirya

Minjirya tana fitar da lantarki daga jikinta. A ajiye ta ita kaɗai, kuma kada a taɓa ta da hannu.