A duba kan cizal kafin a sa masa guduma

Ina jan hankalin masu aiki a masana'antu game da cizal, wato ƙarfen nan mai kaifin baki da ake bugawa da guduma don yanka ko sassaƙa, wanda kansa ya baje saboda yawan duka, har gefensa ya tsattsage. Irin wannan yana da haɗari ƙwarai, domin da zarar guduma ta sauka a kansa, ɓarɓashin ƙarfe na iya tsalle ya shige idon mai dukan ko na wanda ke tsaye kusa da shi. A kai cizal ɗin injin wasa ƙarfe a share bajajjen gefen, sannan a riƙa sa tabarau na kariya. Idan ƙarfe ya riga ya shiga ido, kada a murza, kada kuma a yi ƙoƙarin cire shi. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a garzaya asibiti.