Sabon laftof ko tsohuwar desktof: kurakuran da mutane ke yi wurin gwada furosesa

Tambayar nan ta yi yawa a Gusau, musamman wurin ɗalibai da masu son buɗe shagon buga takardu: ga laftof sabo mai i5, ga desktof 'yar gwanjo mai i7 kuma kuɗinta bai kai rabin na laftof ɗin ba, wanne za a ɗauka? Mafi yawa kai tsaye sai su ce ai i7 ta fi i5, magana ta ƙare. To wallahi daga nan ɓarnar kuɗi take farawa.

Shi i3, i5, i7 suna ne na ajin furosesan kamfanin Intel (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta) kawai a cikin shekara guda, baya gaya maka shekarar da anka yi abin. Core i7-2600 tun 2011 ya fito, i7-3770 a 2012, i7-4790 a 2014, kuma su ne cike da Dell OptiPlex da HP ɗin da ake shigowa da su gwanjo. Shi ko i5-1135G7 na laftof a 2020 ya fito, kor huɗu gareshi kamar su (kor su ne ɓangarorin cikin furosesa da ke raba aiki tsakaninsu), kuma a aikin yau da kullum yana wuce i7-2600 da i7-3770 fintinkau duk da sunansa i5. Don haka in mai shago ya ce maka "i7 ce Alhaji", ka ce masa i7 mi? Ya karanto maka lambar duka. Lambar farko bayan ɗan layin da ke bin i5 ko i7 ita ce jenareshan, wato zubi na nawa ne, 3770 na uku ne, 4790 na huɗu, 8250U na takwas. Inda mutane ke ruɗewa shi ne daga na goma, don lambobi biyu ake karantawa, 10210U na goma ne, 1135G7 na sha ɗaya, 1235U na sha biyu, wani sai ya ga 1135 ya ɗauka jenareshan na ɗaya ne ya gudu ya bar abu mai kyau. Kuma kar ka yarda da sitikar da ke manne a jiki, a kunna kwamfutar gabanka, ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka danna CPU, cikakken sunan yana nan sama.

Sai maganar GHz, wadda ita ma ta ɓatar da mutane da yawa. Mutum zai ga tsohon i7-2600 an rubuta 3.4GHz, ya ga i5-8250U an rubuta 1.6GHz, sai ya ce ai wancan ya ninka wanga sau biyu. Ba haka lissafin yake ba. Na farko, 1.6 ɗin nan gudun ƙasa ne, in aiki ya taso yana hawa har 3.4 shi ma. Na biyu, GHz yawan bugawa ne kawai a daƙiƙa, kamar ka tsaya kana ƙirga sau nawa manomi ya ɗaga fartanya baka duba yawan ƙasar da yake juyawa a kowane sara ba. Sabon furosesa yana gama aiki mai yawa a bugu guda fiye da tsoho, shi ya sa GHz ke da amfani ne kawai in furosesan biyu 'yan jenareshan ɗaya ne.

Amma fa kar wani ya ji wannan ya juya ɗaya gefen ya ce duk sabo ya fi tsoho, don wannan kuskuren ma ya fi cin mutane kuɗi, kuma shi ya fi ƙona mani rai saboda iyaye ake yi wa. Uba zai tara kuɗi ya sayo wa 'yarshi da ta samu jami'a laftof dal a kwali, siriri mai sheƙi, ashe Celeron N4020 ne a ciki, kor biyu, wat 6, ram (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) 4GB wanda sau da yawa a liƙe yake jikin allon cikin kwamfutar ba a iya ƙarawa. Yarinya ta buɗe Chrome da Word tare abu ya fara tsayawa. Tsohuwar desktof mai i5-3470 ta 2012, kor huɗu, in an sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da ke maye gurbin had disk, ta fi wannan laftof ɗin nesa ba kusa ba. Ko a cikin laftof ɗin ma, i7-7500U kor biyu ne kacal, i5-8250U da ya biyo bayanshi da shekara guda kor huɗu ne, kuma i5 ɗin ya fi ƙarfi.

Harafin ƙarshen lambar ma mutane basa kallo. U na nufin mai tsimin wuta, wajen wat 15, don batir ya daɗe. H na manyan laftof ne masu aiki mai nauyi, wajen wat 45. Tsohon i7-4790 na desktof wat 84 ne, i7-2600 kuma 95, da ƙatuwar fanka da fili a cikin akwati. Abin da wannan ke nufi shi ne laftof mai U yana iya tashi da gudu na ɗan lokaci, in ya ɗau zafi sai ya rage gudun da kanshi don kar ya ƙone. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, shago rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska, sai ka ji fankar laftof tana kuka ƙasanshi ya yi zafi ba ka iya ɗora shi a cinya, bidiyon biki da ya kamata ya fita da wuri sai ya yi ta ja. Ita desktof tana riƙe gudunta awa da awanni. Shi ya sa i7-4790 har yau yana iya tsayawa da i5-8250U in aikin mai tsawo ne. Gyaran nan mai sauƙi ne, a daina ɗora laftof kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanshi iska ta shiga, a kai wa mai gyara ya hure ƙurar ya canza man nan da ake shafawa saman furosesa in ya bushe. Kuma in za ka gwada su, laftof ya kasance a jone da caja, don a batir da yawa suna rage ƙarfi.

Wuta kuma ita ce inda desktof ke faɗuwa. Cajar laftof irin wannan wat 45 ce ko 65, ƙaramar sola ta ishe shi, in an ɗauke wuta batir ya riƙe ka. Desktof ga akwati ga allo, ana ɗauke wuta ta mutu nan take da aikin da baka adana ba, sai ka haɗa da UPS (akwatin batir mai riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta) ko inbata ko ka tada janareta. Mutane na lissafa kuɗin sayen kwamfutar su manta da kuɗin fetur na wata-wata, alhali wanda ke Kaura Namoda ko Talata Mafara yana aiki da sola zalla ya kamata ya fara da wannan lissafin kafin ma ya tambayi i5 ce ko i7.

Wani abin da ake ɗora wa furosesa laifi ba nashi ba shi ne nauyin kunnawa. Kwamfuta na ɗaukar minti biyu kafin ta buɗe sai a ce furosesa ya tsufa, alhali tsohon had disk mai juyawa ne a ciki. A sa SSD, a kai ram 8GB ko 16GB, sannan a yi hukunci. In ka gwada laftof mai SSD da desktof mai had disk, ba furosesa ka gwada ba sam.

Masu haɗa bidiyo su kula da wannan: wayoyin yanzu da yawa suna ɗauka da tsarin matse bidiyo da ake kira HEVC, kuma su i7-2600 da 3770 basu da ɓangaren da ke buɗe shi kai tsaye, sai furosesa ya yi ta fama bidiyo na tsalle, sabon laftof kuwa yana da shi. Ana iya sa wa desktof katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto da bidiyo, ya ɗauke wannan nauyin, amma in ƙaramin akwati ne irin siraran OptiPlex ɗin nan, ba kowane kati ke shiga ba kuma abin ba da wutarta bashi da ƙarfi sosai, a duba kafin a saya.

Sai Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga jenareshan na 8 na Intel yake farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, tare da wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta da ake kira TPM 2.0. Duk desktof ɗin da munka ambata na jenareshan na 2, na 3, na 4 basa ciki. Masu gyara suna da dabarar tura shi da ƙarfi kuma yana aiki, amma babu tabbacin za a ci gaba da samun sabuntawa. In kasafinka na desktof ne dan Allah ka ƙara ɗan kuɗi ka nemi mai i5-8500, kor shida gareshi, yana karɓar Windows 11 lafiya lau. Kafin ka biya, ka rubuta cikakkun lambobin biyu a shafin PassMark, wanda ke ba furosesa maki gwargwadon ƙarfinshi, a wayarka, ka duba makin kor ɗaya in aikinka Word da intanet ne, ka duba makin duka in bidiyo ne ko zane.