Yadda Ake Yanke Hukunci Kan Neman Mafaka a Birtaniya, da Abin da Ke Wuyan Mai Nema

Ba kowace wahala ce ke sa a ba mutum mafaka ba. Dokar da ake bi ta samo asali ne daga yarjejeniyar Geneva ta 1951, kuma tambayarta ita ce: in aka mayar da kai gida, za a tsananta maka saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko don kana cikin wani rukunin jama'a? Talauci da rashin aiki ba sa ciki, komai tsananinsu.

Da farko, ka nema da wuri. Sai kana cikin ƙasar ake karɓar buƙatarka. Ka sanar da jami'in shige da fice tun a filin jirgi. In ka riga ka shiga, ka kira ofishin masu neman mafaka da ke Croydon a sa maka rana. Wanda ya yi shiru sai da aka kama shi, wata dokar Birtaniya ta shekarar 2004 ta ce wannan ya rage ƙarfin maganarsa.

Daga nan sai gajeriyar tantancewa. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a tambayi hanyar da ka biyo da dalilin zuwanka a taƙaice, daga baya a aiko maka da katin shaida mai suna ARC. Kada ka raina wannan zama, domin duk abin da ka faɗa an rubuta, kuma da shi za a gwada maganarka ta gaba.

Babbar ganawa da jami'in ma'aikatar cikin gida ita ce ƙashin bayan shari'ar, tana iya cin sa'o'i da dama. Nauyin bayani a wuyanka yake: me ya faru, yaushe, a ina, wa ya aikata, me ya hana hukuma kare ka. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, ba don sun yi ƙarya ba, sai don sun yi kirdadon kwanan wata. In ba ka tuna ranar ba, ka ce ba ka tuna ba, ka danganta abin da lokacin da ka sani, misali bayan babbar Sallah ko tsakiyar damina. In Hausar tafinta ta bambanta da taka har ba ku fahimtar juna, ka faɗa nan take a rubuta. Kunya ma tana kashe shari'a. Wanda aka azabtar ko aka ci zarafinsa yana da damar neman jami'i da tafinta mace ko namiji, kuma gara ya faɗi abin a wannan zama, don maganar da ta fito daga baya takan jawo zargin ƙirƙira. Ka karɓi kwafin ganawar ka duba shi da lauyanka, yawanci kwana 5 na aiki ake bayarwa don gyara da ƙarin hujja.

Hujjoji kuwa, ka kawo na asali tare da fassarar Turanci daga ƙwararren mai fassara: takardar asibiti, rahoton 'yan sanda, katin jam'iyya, saƙonnin barazana. Ka adana har ambulan da aka aiko su ciki. Takardar bogi guda ɗaya tana iya zubar da ƙimar sauran na gaskiya.

Jami'i zai duba ko ya gaskata labarinka, sannan ko haɗarin yana nan har yanzu, yana gwadawa da rahotannin da ma'aikatar ke wallafawa kan kowace ƙasa. Sai tambayoyi biyu da suka fi kayar da 'yan Najeriya: hukumar ƙasarka za ta iya kare ka? Za ka iya komawa wani yanki, kamar Abuja ko Legas, ka zauna lafiya? Dole ka zo da amsa mai hujja. Ka kuma sani cewa Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da doka ta ɗauka babu babban haɗari a cikinsu ga maza, don haka ana iya ayyana buƙatar namiji a matsayin marar tushe, ya rasa damar ɗaukaka ƙara.

Lokacin jira, ka sanar da duk canjin adireshi, ka je sa hannu a ranakun da aka sa maka. Rashin zuwa ganawa ba uzuri, ko fita daga ƙasar, yana sa a ɗauka ka janye. An hana aiki, sai bayan wata 12 ba hukunci za ka iya neman izini, shi ma a wasu ayyuka ƙalilan.

In an ƙi, kwana 14 gare ka ka ɗaukaka ƙara gaban kotun shige da fice. Ka kai wa lauya mai rajista takardar a ranar da ta iso, ka tambaye shi tallafin shari'a na gwamnati in ba ka da hali.